Janar Ulysses Grant da Yaƙin Basasar Amurka

Asalinsa da Shigarsa Soja

An haifi Ulysses Grant ran 27 ga Afrilu, 1822, a jihar Ohayo ta ƙasar Amurka. Mahaifinsa majemi ne. Ya shiga makarantar horar da hafsoshi ta West Point a 1839, ya fito a 1843 a matsayin na 21 cikin ɗalibai 39. Ya yi yaƙin Meksiko (1846 zuwa 1848), inda ya riƙe aikin kula da guzuri da kayan runduna, wanda ya amfane shi ƙwarai daga baya. A 1854 ya ajiye aiki yana Kyaftin. Ya gwada noma da wasu sana'o'i bai dace ba, har ya koma tsare wa mahaifinsa kantin fata a garin Galena.

Yaƙin Basasa

Da jihohin Kudu goma sha ɗaya suka ɓalle saboda suna son ci gaba da bautar da baƙar fata, yaƙi ya ɓarke a 1861, Grant ya koma soja aka ba shi Kanar. Sunansa ya fara fitowa a Fabrairu 1862, lokacin da ya ci sansanin Donelson, ya kama fursunoni fiye da 12,000. Bayan wata biyu aka yi masa ba-zata a Shiloh. Ya yi nasara a rana ta biyu, amma waɗanda suka mutu, ko suka ji rauni, ko suka ɓace a ɓangarorin biyu sun haura 23,000.

Cin Birnin Vicksburg

A nan ne gwanintarsa ta bayyana sosai. Birnin yana bisa tudu a gaɓar gabas ta kogin Misisipi, igwoyinsa sun tsare hanyar ruwa. Bayan dabaru da dama sun ci tura, sai Grant ya bi da rundunarsa ta gaɓar yamma har ya wuce birnin ta kudu, jiragen ruwan yaƙi kuma suka ratsa gaban igwoyin da dare suka tarar da shi. Ran 30 ga Afrilu, 1863, ya ƙetare kogin. Maimakon ya nufi birnin kai tsaye, sai ya yi gabas, sojojinsa na cin abin da suka samu a ƙasar, ya kama Jackson ran 14 ga Mayu, ya katse hanyar jirgin ƙasa da ake kawo wa birnin taimako. Sannan ya juyo ya yi masa ƙawanya ta kwana 47. Yunwa ta sa Janar Pemberton ya miƙa wuya ran 4 ga Yuli da mutane kusan 30,000. Da faɗuwar Port Hudson bayan kwana biyar, kogin duka ya koma hannun Arewa, ƙasar 'yan tawaye ta rabu biyu.

A wannan shekara aka fara ɗaukar baƙar fata soja da yawa, har suka kai kimanin 180,000. Cikinsu akwai Nicholas Said, haifaffen Kukawa ta Borno, wanda ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts.

Ƙarshen Yaƙi

A Maris 1864 Shugaba Abraham Lincoln ya naɗa shi Laftanar-Janar, babban kwamandan sojojin Arewa. Dabararsa ita ce a matsa wa abokan gaba ta kowace fuska lokaci guda, domin ba su da mutanen da za su maye gurbin waɗanda suka rasa. An zarge shi da asarar rayuka, musamman a Cold Harbor, shi kansa ya yi nadamar harin ƙarshe da ya kai a can. Ran 9 ga Afrilu, 1865, Janar Robert Lee ya miƙa wuya a Appomattox. Grant ya ciyar da sojojin Lee, ya bar su suka koma gida da dawakinsu don su yi noma.

Ya zama shugaban Amurka daga 1869 zuwa 1877, ya rasu ran 23 ga Yuli, 1885.