Shanun da ake ci: alewar yara ta cikin turmi

Duk wanda ya taɓa zama bakin rijiya a kwarin Tarka ya ga wannan abu. Manya suna jan ruwa, dabbobi suna sha, yara kuwa suna gefe guda suna murza laka. Kafin a jima sun gina saniya da tozonta, da raƙumi, da jaki. Kowane yaro da garkensa, ba ya yarda wani ya taɓa masa.

Ranar salla, ko ranar suna, ko ta saukar karatu, yaran nan su ne ke cika gida. Sai uwa ta kwance bakin zane ta aika kanti a sayo bombo da biskit. Kuɗi sun tafi, alewa ta narke a baki, ba ta bar wa yaro komai ba sai ciwon haƙori. Alhali kuwa cikin gidan akwai abin da ya fi bombo. Da turmi da taɓarya ana iya gina wa yara garken shanu, su yi wasa da shi, su kuma cinye shi. Ba a hura wuta, ba a ɗora tukunya.

Kayan duk na gida ne

Dakoro tana wajen kilomita 120 arewa da Maraɗi, inda manomi da makiyayi ke haɗuwa. Manomi yana kawo hatsi da riɗi da aya da gujiya, wadda wasu ke kira gyaɗa. Makiyayi yana kawo cuku. Dabino yana zuwa daga arewa, daga Kawar da ƙasar Ayar. Garin kuka da magarya ba su yankewa a kasuwa.

Haɗa waɗannan kaya ba sabon abu ba ne. Tun kaka da kakanni ana kirɓa gumba a raba wa yara sadaka. Mata suna daka dakuwa da aya da gujiya. Abzinawa suna daka hatsi da dabino da cuku su yi guzurin tafiya. Abin da za a ƙara kawai shi ne, maimakon a dunƙula curi, a gina dabba.

Ga yadda ake yi

A zaɓi ma'auni guda, ko kofi ko ƙaramar ƙwarya, a auna komai da shi:

Soyayyar gujiya, awo 2.
Dabino wanda aka cire wa ƙwallo, awo 2.
Garin soyayyar aya, ko garin magarya, awo 1.
Dakakken cuku, ko madarar gari, rabin awo.
Citta kaɗan, gishiri ɗan tsunkule.
Riɗi da garin kuka, don ado.

Da fari a murje gujiya a fece ɓawonta. A daka ta har ta fara fid da mai. A kwashe, a zuba dabino a turmi a kirɓa shi ya yi laushi. Dabinon arewa yakan bushe ƙwarai. Idan ya ƙi kirɓuwa, a yayyafa masa ruwan da aka tafasa ya huce, cokali 2 ko 3, kada a wuce haka. Daga nan a mai da gujiya, a zuba gari da cuku da citta da gishiri, a ci gaba da kirɓi har su kama juna. A ɗebi kaɗan a dunƙula a tafin hannu. Idan ya tsaya bai tsage ba, ya yi. Idan yana rugujewa, a ƙara gujiya. Idan yana liƙe wa hannu, a ƙara gari. Zaƙin dabino ya isa, ba sai an sa sukari ba. Barkono kuma a bar wa manya.

Ginin garke

A shimfiɗa sabon faifai ko tire mai tsabta. A ɗebi curi kamar ƙwan zabo, a murza shi ya ɗan yi tsawo. Wannan shi ne jikin saniya. A ja gaba a yi kai, a tsunkula baya a yi tozo. Saniya a kwance ta fi sauƙi, don ƙafafu sukan karye. A yanka dabino siriri a kafa a matsayin ƙaho. Dogon ƙaho, ta zama ta Bororo. Gajeren ƙaho, ta zama Azawak. Wadda ake so ta fito fara, sai a birgima ta cikin garin kuka. Garin kuka yana da ɗan tsami, yana kuma ɗauke da bitamin C mai yawa.

Raƙumi yana son dogon wuya da tozo babba. Zabo sai a manna masa riɗi a jiki, ya fito da zanensa. Kunkuru ya fi duka sauƙi: a danna curi ya yi faɗi, a tsaga masa layi a baya da gindin cokali. A tsakiyar faifai a murza zobe guda, ga rijiya ta samu.

Kada a yi ƙaho da ƙaya, ko tsinken ashana, ko tsinken tsintsiya. Yaro ba ya tsayawa zaɓe, jefawa yake baki. Duk abin da ke jikin dabbar ya zama abin ci.

Idan yara suka taru, a sa babba daga cikinsu ya zama dillali. Wanda ke son saniya sai ya saye ta da ka-cici-ka-cici, ko ya ƙirga dabbobin da ke kan faifai daidai. Uwar da ke zuwa ajin yaƙi da jahilci tana iya murza harafin farko na sunan kowane yaro, ko lamba 1 zuwa 9. Wanda ya gane harafinsa ya ɗauka. Ƴan lakwal su taimaki ƙannensu.

Hattara da ruɓaɓɓiyar gujiya

Nan ne mata da yawa ke kuskure. Ana kai gujiya mai kyau kasuwa, a bar ƙanƙararriya da mai baƙi don cin gida. Gujiyar da ta sha danshi tana yin funfuna, funfunar nan kuma tana haifar da guba mai suna afalatoksin. An gano gubar bayan da ta kashe talo-talo wajen 100,000 a Ingila cikin 1960, waɗanda suka ci abinci mai tunkuzar gujiya. Ga mutum tana lalata hanta a hankali, tana iya kawo ciwon daji na hanta, tana kuma cikin abubuwan da ke tauye girman yaro. Suya ba ta kawar da ita. Don haka a baza gujiya a faifai da rana, a tsince ɗaya bayan ɗaya. Mai baƙi, mai kore, wadda ƙwaro ya huda, mai ɗaci, duk a binne su. Kada a ba dabbar da ake tatsa, don gubar tana bi ta cikin nono.

Tsabta da shekarun yaro

Abincin da bai hau wuta ba, duk ƙazantar da ta shiga cikinsa tana nan har cikin yaro. A wanke hannu da sabuni kafin a fara. A wanke turmi da taɓarya, a shanya su bushe. A wanke dabino. Cukun da ya yi funfuna ko wari a bar shi. Yaran da za su taya gini su ma su wanke hannu. Bayan an gama a rufe da wani faifai don ƙuda da ƙura. Wanda aka sa wa ruwa a cinye shi ranar, kada ya kwana.

Jariri da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Ba a ba yaron da bai cika shekara 1 ba zuma. Ƙananan yara kuma ba a ba su ƙwayar gujiya ko gutsuren dabino, don suna iya maƙale musu a maƙogwaro. A cire musu ƙahon, a farfasa musu ƙanana, babba na zaune kusa. Idan yaro ya ci gujiya bakinsa ya kumbura ko numfashi ya yi masa wuya, a gaggauta kai shi likita.

Abinci ne, ba magani ba

Mutanen Dakoro ba su manta da yunwar 2005 ba. A shekarar nan ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, ta kuma buɗe gidan jinya a Dakoro. Abincin da aka riƙa ba yaran a ƴar leda, mai suna Plumpy'Nut, an ƙirƙiro shi a Faransa cikin 1996. Tushensa gujiya ce da madara da sukari da mai. Wannan ya isa ya nuna darajar gujiya da nono ga jikin yaro.

Amma a lura. Na leda an auna shi, an kuma ƙara masa bitamin da sinadarai waɗanda babu su cikin turmin gida. Yaron da ya rame ƙwarai, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko gashinsa ya yi ja, ba shanun dabino yake bukata ba. A kai shi likita tun da wuri. Kuma abincin da likita ya ba mai tamowa nasa ne shi kaɗai, ba a raba wa sauran yara, ba a kai shi kasuwa.

Salla na zuwa, suna ba ya ƙarewa. Uwa ta ware tiya guda ta gujiya mai kyau tun da kaka, ta ajiye ta wuri busasshe. Maigida ya tuna da dabino da cuku ranar kasuwa. Allah ya raya mana zuri'a, amin.