Kujerar Shugaban Majalisar Wakilai ta Tarayya

Shugaban Majalisar Wakilai, wanda ake kira Kakaki, wakilai 360 ne ke zaɓensa daga cikinsu, kuma ba a tuɓe shi sai da ƙuri'ar kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar.

Baturen Ingila, Sir Frederic Metcalfe, ya riƙe kujerar a Ikko daga 1955. Ɗan ƙasa na farko da ya hau ta mutumin Jihar Gabas ne, Jaja Wachuku, a 1959.  Alhaji Ibrahim Jalo Waziri na Gombe ya gaje shi, ya zauna har juyin mulkin Janairu 1966.

Daga nan kujerar ta yi shekara 13 ba kowa a kanta. Edwin Ume-Ezeoke, mutumin ƙasar Nnewi kusa da Anacha, ya hau a 1979. Benjamin Chaha da ya biyo shi bai wuce wata uku ba soja suka rushe majalisar a ƙarshen 1983. Haka aka yi wa Agunwa Anaekwe a 1993.

Tun 1999 soja ba su sake taɓa ta ba. Kano ta ba da Salisu Buhari da Ghali Na'Abba. Aminu Bello Masari na Katsina ya biyo baya a 2003, mataimakinsa kuwa Austin Opara ne, wakilin Fatakwal, garin da Hausawa ke cin Kasuwar Oil Mill. Mace ta farko, Patricia Etteh, ta hau a 2007, ta sauka cikin shekarar. A 2023 aka zaɓi Tajudeen Abbas na Zariya.