Ko Kun Sani? Bugun Ganga Ɗaya Har Sau 169

Kiɗan da ya fi ɗaukaka sunan Maurice Ravel, gwanin tsara kiɗa ɗan Faransa da ya rasu a 1937, salon bugu ɗaya ne ake ta maimaitawa har sau 169. Boléro ke nan, wanda aka fara kaɗawa a Paris ranar 22 ga Nuwamba 1928, bayan mai rawa Ida Rubinstein ta nemi ya tsara mata. Kusan minti 15 mai ƙaramar ganga ba ya sauya hannu. Karin waƙa biyu ne kawai ke zagayawa, masu busa da masu goge suna karɓa bi da bi, amo na tashi daga raɗa har ya cika zauren. Wasu kan ce wannan ƙarancin fasaha ne. Amma duk wanda ya tsaya filin bikin Uhola a Zuru ya san bugun da ba ya canzawa shi ke riƙe ƙafar mai rawa, ya bar kunne ya tsinci kowane sabon sauti. Sau ɗaya tak Ravel ya ɗaga karin, dab da ƙarshe.