Hujin ganye da kuɗin feshi a Maraɗi

Manomi ya shiga gona da safe, ya tarar da ganyen waken suya duk huji kamar rariya, kafin azahar ya goya famfon feshi. Sau da yawa wannan kuɗi a banza yake tafiya.

Waken suya na da juriya tun yana ƙarami. Idan tsutsa ko fara ta ci ganyen sama, rana na ratsawa ta sami na ƙasa, shukar kuma ta ci gaba da fid da sabon toho. Shi ya sa a Burazil, wadda ta fi kowace ƙasa noman sa, malaman gona kan ce a dakata da feshi sai ɓarnar ta kai kashi 30 cikin 100 kafin fure. Da zarar ya yi fure ya fara ƙwanso, sai ma'aunin ya sauka zuwa kashi 15, domin a lokacin ganyen ne ke ciyar da ƙwaya. Ganyen da aka rasa a makonnin nan, a tiya ake ganin sa: ƙwaya ƙanana, buhu ba nauyi. Ido kuwa yana ƙara gishiri, ganye mai huji biyar sai ka rantse rabinsa ya tafi.

Maraɗi ta fi cin awara a kan noman wakenta, amma lissafin ya shafi waken gida da ke tsakanin gero a Tibiri. Shi ma babbar asararsa tana wajen fure da ƙwanso, inda tsutsar Maruca ke ɓuya. Wanda ya ƙarar da maganinsa kan hujin ganye ya kashe ƙwarin da ke cinye masa tsutsa, ranar buƙata kuma aljihu wayam. Sai dai mai dogaro da harawa yana da hujjar damuwa, don ganyen kuɗi ne a rani.

A lambunan zogale na Jiratawa labarin ya juya. Zogale ganyensa ne amfaninsa, tsutsar Noorda kuwa tana iya barin itacen tsirara. A nan feshin ya fi tayar min da hankali, domin ganyen da ya sha maganin ƙwari na piya-piya yau, kwana kaɗan yana cikin kwaɗon yara a kasuwar Maraɗi. Ruwan ƴaƴan bedi, wanda masu binciken cibiyar nazarin noma ta INRAN a Tarna suka daɗe suna gwadawa kan ƙwarin amfanin gona, ya fi dacewa da irin wannan lambu, ko da yake sai an daka, an jiƙa, an maimaita feshi.