Gaskiya ko Jita-jita: Tazarar Mai Kuɗi da Talaka

An sha faɗa wa talaka ya yi haƙuri, wai idan arzikin ƙasa ya haɓaka rabonsa na tafe. Maganar tana da asali. A 1955 masanin tattalin arziki Simon Kuznets ya yi hasashen cewa tazarar samu takan faɗaɗa a farkon bunƙasa, daga baya ta ragu. Amma da alƙaluman Amurka da Ingila da Jamus ya dogara. Koriya ta Kudu da Taiwan sun bunƙasa tazarar ba ta yi wani faɗi ba, domin sun fara da raba gonaki ga manoma. A Brazil kuwa, da tazarar ta ragu, gwamnati ce ta sa hannu, ta ƙara mafi ƙarancin albashi, ta kafa shirin tallafi na Bolsa Família a 2003. Jita-jita ce, tazara ba ta raguwa don kanta.

Wai Najeriya ta fi ƙasashe da yawa daidaito. Masu wannan magana suna kafa hujja da ma'aunin Gini, wanda sifiri ke nufin kowa daidai, 100 kuma komai a hannun mutum guda. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2018/2019 ya ba Najeriya 35.1, Afirka ta Kudu kuwa tana wajen 63. Lambar gaskiya ce, fassarar da ake mata ce nake ja da ita. Abin da gida ke kashewa aka auna, ba abin da ke shigo masa ba, kuma attajiri ba ya cinye ribarsa a tukunya, balle ya buɗe wa mai ƙidaya ƙofa. Ba a sa Borno a lissafin ba saboda rashin tsaro. Binciken nan dai shi ya nuna talauci ya haura kashi 87 cikin ɗari a Sakkwato, a Legas bai kai 5 ba.

Cewa tsadar kaya kowa take duka daidai, wannan jita-jita ce da ko ja-in-ja ba ta buƙata. Da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, mai fili da dala dukiyarsa ta bi farashi, ɗan albashi kuwa ya rage awon masara.

Masana suna haɗa hauhawar farashi da rashin aiki da canjin naira da kuɗin ɗanyen mai su hango inda tazarar ta dosa, kuma aikin yana da amfani. Sai dai hasashen da alƙaluma yake dogara, kuma tsakanin babban binciken gidaje na 2009/2010 da na 2018/2019 an yi kusan shekara goma, an kuma canza salon tambayoyin, har ba a iya kwatanta sakamakon biyun kai tsaye.