Mawaƙi Ne Mai Maganin Nabaho

A ƙasar al'ummar Nabaho, can kudu maso yammacin Amurka inda jihohin Arizona da Niyu Meziko da Yuta suka haɗa iyaka, idan ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, mawaƙi ake nema. Hatali suke ce masa. Kafin a je gare shi sai an gano tushen cutar, masu duba kuwa iri-iri ne: akwai mai karkarwar hannu, akwai mai kallon taurari, akwai kuma mai saurare, wanda zai keɓe cikin dare ya kasa kunne. Abin da ya ji shi ke nuna waƙar da ta dace da majinyaci.

A ganinsu cuta ɓaraka ce tsakanin mutum da danginsa da sauran halittu, waƙa kuma ita ke ɗinke ta.

Ana zaman ne a hogan, ɗakin itace da laka mai ƙofa a gabas. Waƙar Dare, ɗaya daga cikin manyan bukukuwansu, kwana 9 take ɗauka, kuma sai da sanyi ake yin ta, bayan macizai sun shige rami, tsawa ta ɗauke. Da rana a zana siffofi a daɓen ɗaki da garin duwatsu masu launi, majinyaci ya zauna a kai, a shafe zanen kafin rana ta faɗi. Da dare sai a kife kwando ya zama ganga, hatali ya ɗauki cakinsa, mataimaka su amsa. Ɗaruruwan waƙoƙi ne bi da bi, duk da ka, kuma kuskure a muhimmin wuri yana iya rushe aikin baki ɗaya. Shi ya sa almajiri ke shafe shekaru gaban malaminsa kafin a sallame shi.

Majinyacin dai babban aikinsa saurare. A daren ƙarshe ba ya runtsawa. Da asuba ya fita ya fuskanci gabas ya shaƙi iskar alfijir. Nan abin ya fi kama ni: dangi ne suka haɗa kuɗi, suka yanka tumaki, suka ciyar da baƙi, suka kwana a farke saboda mutum guda. Wanda damuwa ta dabaibaye, wannan ba ƙaramin magani ba ne. Sojojinsu da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu da Biyetnam da Iraƙi ma an yi wa da yawansu wani bikin na lokacin zafi, don a raba su da abin da suka gani a fagen daga.

Waƙa ba ta hana su zuwa asibiti. A asibitin garin Cinle har hogan aka gina, likita na nasa, hatali na nasa. Abin damuwar shi ne mawaƙan sun tsufa, masu koyo sun yi ƙaranci, wasu waƙoƙin tuni suka bi masu su kabari.