Yadda Ake Gyara Hoton Albasa da Buroshin Waya

Idan kana noman albasa a Madawa, Buza ko Keita, mai saye daga Yamai ko Abijan yakan nemi hotonta kafin ya aiko da kuɗi. Manhajar gyaran hoto tana da buroshi, wanda kake ja da yatsa a fuskar waya. Da farko ka ajiye hoton asali. Sannan ka zaɓi launi da kauri: siriri don rubuta farashi, mai kauri don zagaye buhun da ake ciniki. In ka yi kuskure, taɓa kibiyar komawa baya.

Amma kada ka rufe ruɓaɓɓiyar albasa da launi. Ranar da aka sauke kaya gaskiya za ta bayyana, kuma mai saye ba zai sake nemanka ba.